Kwalara da Tasowar Ilimin Bazuwar Cututtuka

Kwalara, wadda aka fi sani da cutar amai da gudawa, cuta ce ta hanji da ake ɗauka daga ruwan sha ko abincin da bahayan mai ɗauke da ita ya gurɓata. Ƙwayar da ke haddasa ta, mai suna Vibrio cholerae, 'yar mitsitsiya ce mai lanƙwasa, ba a ganinta sai da madubin likita. Daga 1817 zuwa yau cutar ta ratsa nahiyoyi a manyan annoba guda bakwai, ta bakwai ɗin kuma, wadda ta faro a 1961, har yanzu ba ta lafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa a kowace shekara mutum miliyan 1.3 zuwa miliyan 4 ne ke kamuwa, tsakanin 21,000 da 143,000 kuma su rasu.

A tarihin likitanci kwalara tana da matsayi na daban, domin a kanta ne ilimin bazuwar cututtuka ya tsaya da ƙafafunsa. Wannan ilimi jama'a yake dubawa gaba ɗaya: wa ya kamu, a ina, yaushe, kuma me ya raba shi da maƙwabcinsa da ya tsira. Da waɗannan tambayoyi aka gano hanyar da kwalara ke bi kimanin shekara 30 kafin duniyar likitoci ta amince da ƙwayar da ke kawo ta.

Yadda take kisa

Ƙwayar kwalara ba ta shiga jini. Idan ta tsallake tsamin tumbi ta isa ƙaramin hanji, sai ta manne a bangonsa ta saki wani dafi da ke tilasta wa hanjin fitar da gishiri, ruwan jiki kuma ya bi gishirin. Abin da ke fitowa gudawa ce fara-fara mai kama da ruwan wankin shinkafa, babu jini, galibi babu zazzaɓi. Alamomin kan bayyana tsakanin awa 12 da kwana 5 bayan an haɗiyi ƙwayar. Idan ta yi tsanani, babban mutum yana iya zubar da lita guda ta ruwa cikin awa guda. Idanu su faɗa, fata ta yamutse, murya ta dishe, jijiyoyin ƙafa su ɗaure, jini ya yi kauri, ƙoda ta daina aiki. Wanda ya karya kumallo lafiya lau ana iya yi masa jana'iza kafin gari ya sake wayewa. In babu magani, kusan rabin waɗanda ta kama da tsanani ne ke mutuwa. In an mayar musu da ruwan da suka rasa a kan lokaci, ba a rasa ko ɗaya cikin ɗari.

Sai dai mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa nuna komai, ko su yi 'yar gudawa ta wuce, alhali suna ta fitar da ita a bahaya na kwanaki. Wannan ne ya ruɗa likitocin ƙarni na 19. Ana tsare marasa lafiya a kan iyaka, cutar ta ƙetare a cikin masu lafiya. Masu jinya su kwana a kan majinyaci ba su kamu ba, wani can a ƙarshen unguwa da bai taɓa ganinsa ba ya faɗi.

Daga Bengal zuwa duniya

Gidan kwalara na asali shi ne bakin Kogin Ganges a yankin Bengal, inda ƙwayar ke rayuwa a ruwan da ya gauraya da na teku, manne da wasu ƙananan halittun ruwa. Ta daɗe a Indiya. Marubucin tarihi ɗan Fotugal Gaspar Correia ya bayyana ɓarkewarta a Goa a 1543. Abin da ya sauya a 1817 shi ne hanyoyi. A shekarar ta ɓarke a kewayen garin Jessore, ta shiga Kalkata, daga nan rundunonin Ingila da jiragen fatake suka kwashe ta. Ta isa Maskat a 1821, Japan a 1822, Astrakhan ta Rasha a 1823, sannan ta lafa.

Annoba ta biyu ce ta girgiza Turai. Ta shiga Mosko a 1830, ta faɗa wa alhazai a Makka a 1831, ta sauka tashar jiragen ruwa ta Sunderland a Ingila a watan Oktoban wannan shekara. A 1832 ta kashe mutum kusan 18,000 a Paris, har da shugaban gwamnati Casimir Périer, ta kuma ƙetare teku zuwa Kebek da New York.

Ko'ina ta je, talakawa ta fi ɗauka, su kuma talakawan suka lura. A St Petersburg a 1831 jama'a sun far wa asibiti da likitoci bisa zargin cewa guba ake ba su. A Liverpool a 1832 an yi ta tarzoma saboda tsoron cewa likitoci na kwashe marasa lafiya ne don su samu gawar da za su feɗe. Zargin ba gaskiya ba ne, amma maganin da ake bayarwa a lokacin bai taimaki sunan likitoci ba: tsaga jijiya a zubar da jini, da maganin sa amai da na sa gudawa, ga mutumin da rashin ruwa ke kashewa.

Gurɓatacciyar iska da littafin mutuwa

Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne cewa cututtuka irin wannan daga gurɓatacciyar iska suke, wato tururin da ke tashi daga juji da kwata da ruɓaɓɓun abubuwa. Ba ra'ayin wauta ba ne, domin inda wari ya fi yawa can aka fi mutuwa. Edwin Chadwick, wanda rahotonsa na 1842 a kan halin tsaftar ma'aikatan Birtaniya ya kai ga dokar lafiyar jama'a ta 1848, a kan wannan ra'ayi ya tsaya. Don a kori wari daga gidaje, aka shiga rufe ramukan masai a Landan ana tura ƙazantar cikin magudanai, magudanan kuma suna zubewa a Kogin Thames, kogin da kamfanonin ruwa ke ɗiba suna sayar wa mutane. Annobar 1848 zuwa 1849 ta ci rayuka sama da 14,000 a Landan kaɗai, sama da 50,000 a Ingila da Wales.

Amma kafin nan an kafa wani abu da ya fi kowane ra'ayi amfani. Tun 1837 Ingila ta soma rajistar haihuwa da mutuwa a hannun gwamnati, a 1839 kuma aka ɗauki likita William Farr ya riƙa tattara alƙaluman. Farr ya tsara sunayen cututtuka don kowane magatakarda ya rubuta abu ɗaya, ya kuma riƙa fitar da jadawalin mamatan Landan mako-mako. Da ya nazarci annobar 1849, a rahotonsa na 1852, sai ya ga wani tsari mai ban mamaki: gwargwadon tudun unguwa daga bakin kogi, gwargwadon ƙarancin mutuwa a cikinta. Ya fassara wannan da cewa mugun tururi a kwari yake taruwa. Alƙalumansa daidai ne, fassarar ce ta kauce, domin unguwannin kwari su ne kuma ke shan ruwa mafi ƙazanta. Har yau ana koyar da wannan a matsayin misalin yadda abu na uku ke ɓoyewa a bayan abubuwa biyu da ake gani suna tafiya tare.

John Snow

An haifi John Snow a York a 1813, ɗan lebura ne. Yana ɗalibin likita ya yi jinyar masu haƙar kwal a Killingworth kusa da Newcastle a annobar farko da ta shiga Ingila, inda ya ga mutane na ci suna bahaya a rami ɗaya babu ruwan wanke hannu. Daga baya ya yi suna a Landan a fannin maganin gusar da zafi, har shi ne ya shaƙa wa Sarauniya Victoria sinadarin kulorofom a haihuwarta ta 1853 da ta 1857. Sanin da ya yi wa iskar da ake shaƙa ne ya sa ya yi shakkar ra'ayin tururi. Dalilinsa, kamar yadda ya wallafa a 1849, mai sauƙi ne: cutar da ke farawa a hanji ta baki ta shiga, kuma abin da ke kawo ta yana hayayyafa a cikin majinyaci ya fita a bahayansa.

A daren 31 ga Agusta 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho. Cikin kwana goma mutum kusan 500 suka mutu a 'yan layuka kaɗan, jimilla daga ƙarshe ta kai 616. Snow ya karɓo jerin mamata 83 na kwanakin farko daga ofishin rajista ya bi gida-gida. Kusan dukansu a kusa da famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad suke. Goma ne kawai gidajensu suka fi kusa da wani famfon, cikinsu kuma iyalan biyar suka ce ruwan Broad suke aikawa a ɗebo don sun fi son ɗanɗanonsa, uku yara ne da makarantarsu ke kusa da shi.

Waɗanda suka tsira ma shaida ne. Gidan gajiyayyu na titin Poland, mai mutum 535 a tsakiyar annobar, biyar kawai ya rasa. Yana da rijiyarsa. Kamfanin giya da ke kan titin Broad ɗin kansa, mai ma'aikata kusan 70, bai rasa kowa ba; ba sa shan ruwan famfon. Wata gwauruwa kuma da ke zaune can Hampstead, inda babu kwalara, ta mutu da ita, aka bincika aka tarar kullum ana kai mata kwalbar ruwan Broad a keken doki. A 7 ga Satumba Snow ya gana da hukumar unguwar, washegari aka cire hannun famfon.

Wannan ne labarin da ya fi shahara, kuma an fi ƙarfinsa da ado. Snow da kansa ya rubuta cewa annobar ta riga ta fara sauka kafin a taɓa famfon, domin mutane da yawa sun gudu. Taswirarsa mai ɗigon mamata ba ita ta kai shi ga famfon ba, daga baya ya zana ta don gamsar da wasu. Wanda ya cike giɓin ma wani matashin limamin coci ne, Henry Whitehead, wanda ya shiga binciken da niyyar ƙaryata Snow. Shi ya gano cewa a gida mai lamba 40 na titin Broad wata jaririya ta kamu kafin kowa, uwarta ta wanke tsummokinta ta zuba ruwan a ramin masai da ke dab da rijiyar famfon. Da aka tona, aka ga tubalin ramin ya zube yana yoyo.

Aikin da ya fi wannan nauyi a ilmance shi ne wanda Snow ya yi a kudancin kogi. A can kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwa a layuka ɗaya, bututunsu na tafiya kafaɗa da kafaɗa, gida wannan na sha daga ɗaya, na jikinsa daga ɗayan. A 1852 kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibarsa sama, kusa da Thames Ditton, inda ƙazantar birni ba ta kai ba. Kamfanin Southwark da Vauxhall ya ci gaba da ɗiba a Battersea, cikin gari. Ke nan mutum kusan 300,000, mai kuɗi da talaka, yaro da babba, iska ɗaya suke shaƙa, tudu ɗaya suke zaune, an raba su gida biyu ba da saninsu ba, babu abin da ya bambanta su sai ruwa. Farr ya ba shi adireshin mamata, shi kuma ya bi ƙofa-ƙofa yana tambayar wane kamfani ake biya. Inda 'yan haya ba su sani ba, sai ya ɗebi ruwan ya gwada yawan gishirinsa, domin na Battersea ya fi gishiri nesa ba kusa ba. A makonni bakwai na farkon annobar 1854, gidajen Southwark da Vauxhall 40,046 sun yi mamata 1,263, na Lambeth 26,107 sun yi 98. Wato 315 a kowane gida 10,000, a gefe guda kuma 37.

Duk da haka kwamitin binciken hukumar lafiya ya yi watsi da bayaninsa a 1855, aka kuma mayar da hannun famfon titin Broad. A shekarar 1854 ɗin nan Filippo Pacini a Florence ya ga ƙwayar a hanjin mamata ya bayyana ta, babu wanda ya kula. Snow ya rasu a 1858 ba a yarda da shi ba.

Wari, magudanai da annobar 1866

Abin da hujja ta kasa, hanci ya yi. A zafin 1858 Thames ya yi ɗoyin da ya hana 'yan majalisa sakat a zaurensu na bakin kogi, nan da nan suka amince da kuɗin aikin injiniya Joseph Bazalgette: manyan magudanai na ƙarƙashin ƙasa masu tsawon kimanin kilomita 130 da ke tare ƙazanta su kai ta gabas da birni. Don maganin wari aka gina su, suka raba bahaya da ruwan sha.

A 1866 kwalara ta dawo ta kashe sama da mutum 5,000 a Landan, mafi yawansu a gabashin birnin inda aikin bai kammala ba. Wannan karon Farr ne da kansa ya jera mamata bisa kamfanin ruwansu, ya nuna yatsa ga kamfanin East London da tafkunansa na Old Ford. Bincike ya tabbatar kamfanin ya tura wa mutane ruwan da ba a tace ba, saɓanin doka. Wannan ce annobar kwalara ta ƙarshe a Landan.

Aikin hajji, killacewa da tarukan ƙasashe

Kwalara ce ta fara tara gwamnatoci a teburi ɗaya kan batun lafiya. Taron farko an yi shi a Paris a 1851 da ƙasashe 12, aka watse babu yarjejeniyar da ta yi aiki. A 1865 cutar ta kashe dubban alhazai a Makka, jiragen ruwa masu tururi suka kai ta Suez, jirgin ƙasa ya kai ta Iskandariya, daga can ta haye Bahar Rum. Taron Istanbul na 1866 ya mayar da hankali kan hanyar alhazai, buɗe mashigin Suez a 1869 kuma ya ƙara wa Turai fargaba. Aka kafa wuraren killace mahajjata a tsibirin Kamaran na Bahar Maliya da kuma El Tor a Sinai. Birtaniya, wadda cinikinta da Indiya ke bi ta wannan hanya, ta daɗe tana adawa da tsare jiragenta, nauyin killacewar ya fi sauka a kan talakan alhaji. Sai a 1892 a Venice aka sa hannu a yarjejeniya ta farko. Daga wannan silsila aka samu ofishin lafiya na ƙasa da ƙasa a Paris a 1907, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya a 1948. A El Tor ɗin ne kuma, a 1905, Felix Gotschlich ya ware wani nau'in ƙwayar daga gawarwakin alhazai, nau'in da ya ɗauki sunan wurin.

Koch, Pettenkofer da Hamburg

A 1883 Jamus da Faransa kowacce ta tura tawaga Masar neman ƙwayar. Tawagar Faransa ta rasa matashin masaninta Louis Thuillier, kwalarar ta kashe shi a Iskandariya. Robert Koch na Jamus ya wuce Kalkata, inda a farkon 1884 ya raini ƙwayar ita kaɗai a ɗakin gwaji, ya same ta a hanjin masu kwalara, bai same ta a na wasu ba, ya kuma gano ta a wani kududdufi da mutanen unguwa ke wanki da sha. Abu ɗaya ya gagare shi: bai iya sa wa dabba cutar ba.

Ta wannan kafa masu adawa suka shiga. Babbansu Max von Pettenkofer na Munich ya ce ƙwayar ita kaɗai ba ta isa ba sai ta haɗu da wani yanayi na ƙasa da ruwan ƙarƙashinta. A Oktoban 1892, yana da shekara sama da 70, ya kurɓi ruwa cike da ƙwayar a gaban shaidu, ya tashi da 'yar gudawa kawai. Ya ɗauka ya ci gardama.

Amma a watannin nan birnin Hamburg ya riga ya ba da amsa. Hamburg na shan ruwan Kogin Elbe ba tacewa, hukumominsa kuma, saboda tsoron a rufe musu tashar jiragen ruwa, suka yi jinkirin sanar da ɓarkewar cutar a watan Agusta. Mutum kusan 8,600 suka mutu cikin 'yan makonni. Garin Altona, wanda ya haɗe da Hamburg har ba a gane iyaka, a ƙasan kogin yake ɗiba, bayan ƙazantar Hamburg ta shiga, amma yana tace ruwansa da yashi, kuma ɓarnar da aka yi masa kaɗan ce. Shekara ɗaya bayan haka Hamburg ya kammala matatarsa. Daga 1908, lokacin da Jersey City a Amurka ya fara zuba sinadarin kulorin a ruwan gari ba yankewa, tacewa da kulorin suka kori kwalara daga biranen ƙasashe masu arziki.

Gishiri da sukari

Tun 1831 William O'Shaughnessy ya auna jinin masu kwalara ya ga ruwa da gishiri ne suka ƙare, a 1832 kuma Thomas Latta na Leith a Scotland ya ɗura wa majinyata ruwan gishiri ta jijiya, wasu da aka fid da rai suka farfaɗo. Babu tsaftar kayan aiki a zamanin, hanyar ta mutu tare da shi. Leonard Rogers ya farfaɗo da ita a Kalkata a farkon ƙarni na 20. A Kalkatan ne kuma Sambhu Nath De ya tabbatar a 1959, da gwaji a hanjin zomo, cewa dafi ne ke jawo gudawar.

Ƙarin ruwa ta jijiya yana buƙatar asibiti da allura da ma'aikaci, abubuwan da babu su inda kwalara ta fi ɓarna. Mafita ta zo daga wani binciken hanji: sukarin gulukos da gishiri tare suke shiga bangon hanji, ruwa ya bi su, kuma dafin kwalara bai lalata wannan ƙofa ba. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka nuna a Dhaka cewa shan haɗin yana rage buƙatar ƙarin ruwa ƙwarai. Jarrabawa ta gaske ta zo a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh. A sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon ruwan ɗurawa ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis, sai ya haɗa gishiri da sukari a durom ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Daga 1980 ƙungiyar BRAC ta bi gidaje miliyoyi a Bangladesh tana koya wa iyaye mata haɗin. Ma'aunin gida da aka saba bayarwa shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Annoba ta bakwai

A 1961 nau'in El Tor ya taso daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya. Ya fi tsohon nau'in jure zama a ruwa, ya kuma fi barin mutane suna yawo da shi ba alama, shi ya sa ya yi nisa. A 1970 ya sauka Gini, ya bi gaɓar teku da masunta, ya bi Kogin Neja zuwa Mali. A ƙarshen shekarar ya shiga Najeriya ta wajen Legas, a 1971 ƙasar ta ba da rahoton mutum sama da 22,000 da suka kamu, kusan 3,000 suka rasu, cutar kuma ta kai kewayen Tafkin Chadi, inda iyakokin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗu. Tun daga lokacin take dawowa, galibi da damina. A 1991 Najeriya ta rasa sama da mutum 7,000. A 2021 an ƙirga sama da 110,000 da ake zaton sun kamu da mamata sama da 3,600, fiye da rabin masu cutar kuma daga Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suke.

Hanyar binciken ba ta sauya sosai daga ta Snow ba. A annobar Kano ta 1995 zuwa 1996 masu bincike sun kwatanta waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, suka ga masu cutar sun fi shan ruwan 'yan ga-ruwa, sun kuma fi ƙarancin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. A Bangladesh tawagar Rita Colwell ta nuna cewa tace ruwan kogi da tsohon zanen mata da aka ninka yana rage kamuwa da kusan rabi, domin yana tare ƙananan halittun da ƙwayar ke mannewa a jikinsu.

Abin da ya ƙaru shi ne karanta tsarin halittar ƙwayar, wanda ke nuna dangantakar wannan ɓarkewa da waccan. Da shi wani bincike na 2017 ya nuna cewa an shigo da kwalara Afirka daga Asiya aƙalla sau 11 tun 1970. Da shi kuma aka warware gardamar asalin annobar Haiti. Cutar ta ɓulla can a Oktoban 2010, watanni bayan girgizar ƙasa, a ƙasar da ba ta san ta ba. Masanin Faransa Renaud Piarroux ya bi sawun masu cutar na farko har zuwa wani rafi da ke shiga Kogin Artibonite, kusa da sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya da suka zo daga Nepal, gwajin ƙwayar kuma ya dace da nau'in Nepal. Mutum kusan 820,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu. Sai a Disambar 2016 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya nemi afuwar mutanen Haiti.

Sauran manyan ɓarkewar zamanin nan sun bi yaƙi ko rushewar ruwan famfo: Peru a 1991, sansanonin 'yan gudun hijira na Goma a 1994, Zimbabuwe a 2008, da Yaman, inda waɗanda ake zaton sun kamu suka haura miliyan ɗaya a ƙarshen 2017.

Rigakafi ya daɗe, tun gwajin Jaime Ferrán a Sifen a 1885 da na Waldemar Haffkine a Indiya daga 1893, amma na allura bai yi ƙarko ba. Na yanzu ta baki ake shansa. An kafa rumbun ajiyarsa na duniya a 2013, Najeriya kuma ta fara amfani da shi a 2017 a Borno, bayan ɓarkewar cutar a sansanin 'yan gudun hijira na Muna da ke Maiduguri. A shekarar ce gamayyar hukumomin yaƙi da kwalara ta sa burin rage mace-macenta da kashi 90 cikin ɗari kafin 2030. A Oktoban 2022 ƙasashen da ke neman rigakafin suka yi yawa har rumbun ya gaza, aka koma ba kowane mutum sau ɗaya maimakon sau biyu.